Ra'ayinmu: Dillalan Ƙwallo Da Amanar 'Ya'yanmu

Babu wani magidanci a Unguwar Shanu, ko Abakpa, ko Unguwar Kanawa, da zai ce bai san irin ƙaunar da samarinmu ke yi wa ƙwallon ƙafa ba. Kaduna kuwa ta daɗe tana fitar da 'yan wasa. Daniel Amokachi daga ƙungiyar Ranchers Bees ya tafi Club Brugge ta ƙasar Beljiyam a 1990, Everton ta Ingila ta saye shi a kan fam miliyan 3 a 1994. Chelsea ta sayi Celestine Babayaro a 1997. Tijjani Babangida da Garba Lawal sun yi wasa a ƙasar Holan. A 2022 Real Sociedad ta Sifen ta sayi Sadiq Umar a kan kimanin Yuro miliyan 20. Duk waɗannan 'ya'yan garin nan ne, saboda haka ba ma ganin laifin yaron da ya yi mafarkin bin sawunsu.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne mutanen da suka mayar da wannan mafarki hanyar cin abinci. Dillali zai zo bakin fili ya kalli wasa, ya bi yaro har gida, ya nuna wa mahaifinsa wata takardar gayyata mai tambarin wata ƙungiya ta Turai, sannan ya yanka masa kuɗin biza da na jirgi da na gwaji. Uba ya sayar da fili, uwa ta sayar da kayan ɗakinta, yaro ya ajiye karatu. Daga nan ko dai dillalin ya yi ɓatan dabo, ko kuwa ya kai yaron wata ƙasa da bizar yawon buɗe ido ya watsar da shi a masauki, ba kuɗin komowa, ga kunyar dawowa gida hannu rabbana.

Ya kamata iyaye su sani cewa wannan ciniki yana da doka. Tun 2001 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a fitar da yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa don ya buga wa wata ƙungiya, in ban da a wasu 'yan yanayoyi ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka yi ƙaura don wani dalili da bai shafi ƙwallo ba. A 2021 FIFA ta ci ƙungiyar Spezia ta Italiya tarar kuɗin Suwizalan 500,000, ta kuma hana ta sayen 'yan wasa na wani lokaci, saboda shigo da yara daga Nijeriya ta bayan fage. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda wata ƙungiya a ƙasar Laos ta kwashi yara 23 daga Afirka ta Yamma da sunan makarantar ƙwallo. Saboda haka duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 ko 16 wata ƙungiya a Turai, to, ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa hanyar da zai bi ta saɓa wa doka.

Abu na biyu, wanda shi ne jigon maganar, a cinikin gaskiya kuɗi daga hannun mai saye yake fitowa. Ƙungiyar da ke son ganin ɗan wasa da gaske ita ke ɗaukar nauyin zuwansa. Haka kuma dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, domin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ke nan idan aka sayar da shi Yuro miliyan 20, miliyan 1 haƙƙin masu reno ne. Amma wannan haƙƙi ba ya isa sai ga ƙungiyar da ke da rajista, wadda kuma ta sa sunan yaron a kundin hukumar ƙwallo. Ƙungiyar unguwa da ba ta yi haka ba, ita za ta sha wahalar reno, wasu su kwashe riba.

Abu na uku shi ne rage shekaru, wanda dillalai suka mayar kamar ba komai ba. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya na shekara 2 daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a ƙasar nan a 2009, wadda filin wasa na Ahmadu Bello yana cikin inda aka buga ta, aka shigo da na'urar MRI mai duba ƙashin wuyan hannu. A 2016 yara 26 na ƙungiyar ƙasa suka faɗi wannan gwaji. Uban da ya je kotu ya rantse cewa ɗansa mai shekara 21 ɗan 16 ne, ya yi shaidar zur, ya danne haƙƙin yaron da shekarunsa ke nan na gaskiya, ya kuma koya wa ɗansa cewa da ƙarya ake buɗe ƙofar arziki.

Sai batun karatu. A Amurka jami'o'i ne ke renon 'yan wasa, kuma irin tasu ƙwallon ta zama babbar kasuwa. Tun 2018 aka buɗe wa ɗalibai kundin neman sauya jami'a, a 2021 aka yarda su karɓi kuɗin talla da sunayensu, a 2025 kuma kotu ta amince kowace babbar jami'a ta iya raba wa 'yan wasanta kimanin Dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Su kansu suna kukan yadda kuɗi ya rinjayi ilimi. Amma duk da haka sharaɗin bugawa a can shi ne yaro ya kasance ɗalibi. Mu a nan fitar da shi daga aji ne matakin farko, alhali kuwa rauni guda a gwiwa ya isa ya rufe wannan sana'a, kuma ko wanda ya yi sa'a da wuya ya wuce shekara 35 yana bugawa.

Don haka muna kira ga iyaye da kada su ba kowa ko sisi da sunan gwaji a ƙasar waje, kada su miƙa fasfon yaro, kada kuma su sa hannu a takardar da ba a karanta musu ita a gaban lauya ba. Su nemi lasisin dillalin, domin tun 2023 FIFA ta dawo da ba wakilan 'yan wasa lasisi bayan jarrabawa. Muna kira ga masu horar da yara a unguwanni da su yi wa ƙungiyoyinsu rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, su kuma ƙi ɗaukar yaron da ba ya zuwa makaranta. Muna kira ga gwamnatin jiha da ta ƙarfafa gasanni tsakanin makarantun sakandare, inda shekarun kowane yaro ke rubuce tun ranar da aka sa shi aji ɗaya. Masu unguwanni da dattawa kuwa, su riƙa tambayar baƙon da suka gani yana zarya a bakin fili: wane ne shi, kuma wa ya aiko shi?

'Ya'ya amana ce a wuyan iyaye, kuma za a tambaye su a kanta. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kare su daga sharrin mayaudara, amin.