Kafin a ba da kwangilar jigilar alhazai, a binciki horon matuƙa

Ɗan kasuwar Magarya ko maniyyacin Dungas da ya shiga jirgin Airbus a Yamai ko a Kano yakan ɗauka cewa hannun matuƙi ne ke motsa fukafukai. Tun 1988, lokacin da samfurin A320 ya fara ɗaukar fasinja, lamarin ya sauya. Sandar da ke gefen matuƙi saƙon lantarki kawai take aika wa kwamfuta, ita kuma ta auna gudu da tsayi da yadda iska ke bugun fiffike, sannan ta zartar. In matuƙi ya nemi karkata jirgin fiye da digiri 67, sai ta ƙi. In ya ɗaga hancin jirgin har iska ta kusa daina ɗaukarsa, sai ta hana. Kamfanin Boeing, a samfurin 777 na 1995, ya bar wa matuƙi ikon rinjayar na'urar in ya ƙara ƙarfin hannu.

Wannan kariya ta ceci rayuka, amma tana da sharaɗi: sai ma'aunan jirgi sun gaya wa kwamfuta gaskiya. Ranar 1 ga Yuni 2009, ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu na jirgin Air France samfurin A330 da ya taso daga Riyo zuwa Paris. Kwamfuta ta janye kariyarta, ta maido wa mutum ragama. Mataimakin matuƙi ya dinga jan sanda baya, abokin aikinsa bai ji ba, domin sandunan biyu ba a haɗe suke ba. Cikin ƙasa da minti 5 jirgin ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228, alhali injinansa lafiya lau. Rahoton masu binciken Faransa na 2012 ya nuna gazawar horo, kuma a 2014 hukumar OACI ta shigar da koyon ceto jirgin da ya kuɓuce cikin ƙa'idojinta.

Kowace shekara gardamar aikin hajji takan tsaya kan kuɗin kujera da ranar tashi, kamar shi ke nan. Talakan da ya sayar da riɗi da shanu ya biya ba shi da hanyar sanin ko matuƙinsa ya taɓa gwada tuƙi ba tare da kariyar kwamfuta ba. Hukumar alhazai ta COHO da ta sufurin sama ta ANAC suna da wannan hanya. Wajibi ne su nemi takardun horon matuƙa daga duk kamfanin da ke neman kwangila, su kuma bayyana wa jama'a abin da suka gani kafin a sa hannu.