Kantin Masu Kuɗi Ba Zai Tsabtace Tukunyar Talaka Ba

A farkon shekarar 2025, wani kanti mai suna Erewhon a birnin Los Angeles ya baje ƙwayar sitiroberi guda ɗaya tak, wadda aka ɗauko daga ƙasar Jafan, aka zaunar da ita cikin mazubin roba mai murfi kamar zoben amarya, aka maƙala mata farashin dala 19. Mutane suka saya, suka ɗauki kansu a bidiyo suna gutsurarta a hankali suna lumshe ido. A wannan shekara, mafi ƙarancin lada a jihar Kalifoniya dala 16 da santi 50 ne a awa ɗaya, a matakin tarayya kuwa dala 7 da santi 25 ne, bai motsa ba tun 2009. Ke nan ma'aikacin da ke ƙasan tsani a jihar da kantin yake zai yi aikin awa guda cur, gumi ya jiƙa masa riga, ladan bai kai ya sayi loma ɗaya ba.

Yi wa mai sayen wannan sitiroberi dariya abu ne mai sauƙi, kuma an sha yi. Amma dariyar tana rufe tambaya mafi nauyi game da kantunan abincin da ake kira oganik, wato wanda aka noma ba tare da takin zamani ko maganin ƙwari na masana'anta ba. Me waɗannan kantuna ke sayarwa a haƙiƙa, kuma wa ke biyan kuɗin da ba ya fitowa a rasit?

Abin da ido ke gani

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Whole Foods Market, wanda John Mackey da abokan kasuwancinsa suka buɗe a birnin Austin na jihar Teksas a 1980. Daga shago ɗaya ya bunƙasa zuwa ɗaruruwan rassa, har kamfanin Amazon ya saye shi a 2017 kan dala biliyan 13.7. Duk wanda ya tura amalanken sayayya ya shiga irin wannan kanti, furanni ne ke fara tarbarsa a bakin ƙofa. Daga nan sai 'ya'yan itatuwa a jere cikin akwatunan katako kamar yanzu aka sauke su daga gona, farashi a rubuce da alli a kan allo, ruwa na feshin kansa a kan ganyaye, ga hoton wani manomi yana murmushi a jikin bango. Babu ƙuda, babu ciniki, babu mai ɗaga murya. Kowane lungu yana faɗa wa mai saye magana ɗaya: kai mai hankali ne, kana kula da jikinka, kana tausayin ƙasa, ka bambanta da masu cin abin da suka samu.

Tun da daɗewa Amurkawa suka laƙaba wa kantin sunan barkwanci mai nufin albashin wata ɗungurungum. Barkwancin bai rasa tushe ba. A 2015 hukumar kare masu sayayya ta birnin New York ta auna kayayyaki iri 80 da kantin ya ƙulle da kansa ya rubuta musu nauyi, ta tarar da cewa nauyin da aka rubuta bai dace da abin da ke ciki ba. Shugabannin kamfanin suka fito suka ba da haƙuri, aka sasanta kan dala dubu 500. A cikin wannan shekarar dai, wani reshensa a Kalifoniya ya jera kwalaben ruwa, kowace da sanduna uku na wani ganye a tsome, a kan kusan dala 6. Da jama'a suka yi ca, kamfanin ya ce kuskure ne, ya kwashe.

Abin da tambarin ke nufi

Tambarin oganik a Amurka yana da doka a bayansa. Majalisa ta zartar da ita a 1990, ƙa'idojinta suka fara aiki sosai a 2002. Kafin gona ta samu shaida, sai ta shekara uku ba a zuba mata haramtaccen sinadari ba, sai an ajiye takardu, sai mai bincike ya zo ya duba kowace shekara. Wannan tsari ne na gaske, ba a raina shi. Sai dai abin da yake tabbatarwa shi ne hanyar da aka bi aka noma. Bai ce abincin ya fi gina jiki ba, bai kuma ce ba a fesa komai ba, domin dokar ta halatta wasu magungunan ƙwari da ake samu daga tsirrai ko ma'adinai, kamar sinadaran tagulla. Sakataren aikin gona na lokacin, Dan Glickman, da bakinsa ya bayyana a shekarar 2000 cewa tambarin kayan aikin talla ne, ba hukunci ne kan amincin abinci ko amfaninsa ga jiki ba.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Stanford sun tattara nazarce-nazarce sama da 200, suka kasa samun ƙwaƙƙwarar hujjar cewa abincin oganik ya fi gina jiki, ko da yake sun tabbatar da cewa ragowar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a jikinsa. Bayan shekara biyu wani nazari da Jami'ar Newcastle ta Ingila ta jagoranta ya sami wasu sinadarai masu amfani da suka fi yawa a amfanin gonar oganik. Masana na nan suna ja-in-ja. Abin da babu wanda ya nuna shi ne fifikon da ya kai girman tazarar farashin.

Kuma duk inda takarda ke ninka kuɗin buhu, ɓarawo zai nemi takardar. Wani manomi a jihar Misuri, Randy Constant, ya shafe shekaru daga 2010 zuwa 2017 yana sayar da hatsi da sunan oganik, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 140, alhali mafi yawansa noman yau da kullum ne. A 2019 kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara goma da 'yan watanni. Da wannan hatsi aka ciyar da kaji da shanu, aka sayar da ƙwansu da namansu da tsada ga mutanen da suka koma gida suna jin sun tsira. Babu harshen da ya ɗanɗana ya gane.

Hujjar masu kare kantin

Masu kare wannan ciniki suna da maganar da ta cancanci a saurara. Suna cewa rage feshi yana kare ma'aikacin gona da ƙudan zuma da ruwan rafi, kuma kuɗin da mai hali ya ƙara shi ne ke ƙarfafa manomi ya sauya hanya. Akwai gaskiya a nan. Wanda ya fi shan gubar feshi shi ne mai goyon tankin a bayansa, ba mai cin salak a birni ba. Saboda wannan ne jagoran ma'aikatan gona Cesar Chavez ya yi yajin cin abinci na kwana 36 a 1988.

Amma hujjar tana tsayawa a rabin hanya. Ƙa'idojin oganik na Amurka ba su ce uffan kan ladan lebura ba. Gonar da ta daina fesa maganin ciyawa tana buƙatar ƙarin hannuwan da za su sunkuya su cire ciyawar, kuma tambarin bai tambayi nawa aka biya su ba. Sannan wani nazari da mujallar Nature ta wallafa a 2012 ya nuna cewa amfanin gonar oganik yana gaza na yau da kullum da kashi 5 zuwa 34 cikin ɗari, gwargwadon abin da aka shuka da yanayin wurin. Ƙasar Sirilanka ta gwada abin a kan al'umma gaba ɗaya: a watan Afrilun 2021 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, noman shinkafa ya faɗi, kafin ƙarshen shekarar aka janye dokar. Tsarin da ba zai iya ciyar da kowa a halin da ake ciki ba, idan aka mayar da shi ma'aunin ɗabi'a, hukuncinsa a kan talaka zai faɗa. A 2023, alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna mutum sama da miliyan 47 suna zaune a gidajen da ba su da tabbacin isasshen abinci. Uwar da ke ƙirga canji a gaban kantar biyan kuɗi ba ƙarancin wayewa ne ya hana ta ƙwan oganik ba.

Asarar da ba a gani

Babbar illar tana wani wuri. Masanin zamantakewa Andrew Szasz, a littafin da ya fitar a 2007, ya kira wannan ɗabi'a killacewa ta baibai. A da, mai cuta ake killacewa domin jama'a su tsira. Yanzu an ɗauka cewa duniya ce gaba ɗaya ta gurɓace, sai mai hali ya killace kansa da ruwan kwalba da abincin oganik, ya bar saura a waje. Da zarar ya ji ya tsira, sai zafin neman gyara ya huce a zuciyarsa. Kuma wanda ya huce ɗin shi ne mai ilimi, mai murya, wanda ɗan majalisa ke ɗaukar wayarsa.

Tarihin Amurka kansa ya nuna inda tsaro ke fitowa. Littafin Upton Sinclair kan ƙazantar mayankan Chicago ya fito a 1906, a shekarar aka kafa dokokin duba nama da tsabtar abinci. Littafin Rachel Carson kan illar magungunan ƙwari ya fito a 1962, bayan shekara goma aka haramta amfani da DDT a gonaki. Waɗannan dokoki sun kare attajiri da mai wanke masa mota a rana ɗaya, babu wanda aka nemi katin banki a hannunsa. Masu faɗa a ji ne suka fusata, domin a lokacin tukunyarsu da ta talaka daga kasuwa ɗaya ake cika su. Kantin alfarma yana raba tukunyar biyu.

Ga mai karatu a Kano ko Abuja ko Maraɗi, wannan labari ba baƙo ba ne ta fuska biyu. Ta farko, abincin gidansu ne ke kan kantar. Garin kuka, wanda Tarayyar Turai ta amince da shigar da ɗiyansa kasuwanninta a 2008, da acca, da aya, da zoɓo, duk sun zama kayan marmari a can. Akwai ma wani kamfani a Kalifoniya mai suna Kuli Kuli, wanda wata Ba'amurkiya da ta yi aikin sa-kai a Nijar ta kafa, yana sayar da garin zogale a Whole Foods. Tsohuwar da ke tsinkar zogale a bayan ɗaki ba ta taɓa fesa masa komai ba, amma ba za ta iya kiran nata oganik a waccan kasuwa ba, domin ba ta da kuɗin mai bincike, ba ta da takardun shekara uku. Tambarin na wanda ya iya biyan kuɗin shaida ne.

Ta biyu ta fi ciwo. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da ake kira dikulobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Turai ta rufe ƙofarta ta kare mutanenta duka da doka ɗaya. Waken da ake adanawa ta wannan hanya kuwa bai daina shiga tukwanen gida ba. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan nunar da ayaba da mangwaro da kabaid. Martanin ajin masu ilimi ga irin wannan labari sananne ne, domin an ga yadda suka yi da sauran matsaloli. Famfo ya ƙafe, aka haƙa rijiyar burtsatse a cikin gida. Wuta ta ɗauke, aka sayi janareta, daga baya sola. Makarantar gwamnati ta lalace, aka kwashe yara zuwa ta kuɗi. A kowane mataki mai hali ya tsira da iyalinsa, abin jama'a kuma ya ƙara mutuwa, domin wanda zai yi ihu a ji shi ya bar layi. Yanzu shagunan da ke tallar abinci mai tsabta sun fara bayyana a unguwannin masu kuɗi na Abuja da Legas, kuma layin abinci ne ake shirin bari.

Babu laifi mutum ya sayi abin da aljihunsa ya iya, ba kuma a hana uba neman abin da ya fi aminci ga 'ya'yansa. Laifin yana farawa ne daga lokacin da ya ɗauki rasit a matsayin ya sauke nauyi. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, amma ba su ce a bar nasa ya ci gaba da ci ba, musamman idan ɗaki ɗaya ake kwana. Yaron mai sayayya a kantin alfarma zai ci ƙosai a ƙofar makaranta, zai ci shinkafa da wake a gidan biki, zai sha kankana a gidan kakarsa.

Likita da lauya da injiniya da ɗan jarida suna da abin da ya fi ƙarfin sayayyarsu. Suna iya tambayar 'yan majalisarsu nawa aka ware wa ɗakunan gwajin abinci, da ko ana ɗibar samfuri daga kasuwannin hatsi irin su Dawanau, da inda ake wallafa sakamakon. Suna iya matsa wa jihohinsu lamba a dawo da malaman gona, waɗanda za su koya wa manomi da ɗan kasuwa adana wake a buhu mai ninki uku da ke toshe iska ya kashe ƙwari ba tare da guba ba. Buhun nan, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro, an daɗe ana sayar da shi a Nijeriya da Nijar, kuma kuɗinsa bai kai rubu'in na waccan sitiroberi ba.