Yaran Cikin Badala Da Darasin Amfanin Gona

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, a cikin manhajar firamare akwai darasin da aka tanada domin yaro ya san amfanin gona da abubuwan da ake yi da shi. A makarantu da yawa na ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale, abin da ya rage na wannan darasi shi ne jerin sunaye da Turanci a jikin allo: yara su kwafa, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su manta kafin a dawo hutu. Yaron da ya karya kumallo da koko da ƙosai, ya ci garau-garau da rana, ya kwana da tuwon dawa miyar kuka a cikinsa, zai iya rubuta sunan gero da Turanci ba kuskure, amma in aka ajiye masa zangarniyar gero da ta dawa sai ya tsaya yana kallonsu kamar baƙi. Ra'ayinmu shi ne wannan darasi ya cancanci a ɗauke shi da daraja, kuma makarantar cikin birni, ko da ba ta da gona, tana da kayan koyar da shi a bakin ƙofarta.

Da farko mu tuna cewa noma ba baƙo ba ne a cikin badala. Waɗanda suka gina ganuwar Kano, tun daga zamanin Sarki Gijimasu har zuwa faɗaɗawar Muhammadu Rumfa, sun zagaye gidaje tare da filayen noma, domin in maƙiya sun yi wa gari ƙawanya mutane su sami abin ci. Matafiyin nan Hugh Clapperton, da ya iso Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Har zuwa zamanin iyayenmu, da rani jakuna na fita ta ƙofofin gari ɗauke da mangalar taki zuwa gonakin karkara, su dawo da itace da hatsi da kara. Shara da toka da kashin dabbobin birni su ne suka riƙe ƙasar da ke kewaye da Kano tana ba da amfani shekara da shekaru ba a huta da ita ba. Yaron wancan zamani ba ya buƙatar malami ya nuna masa dami ko rumbu, domin yana ganinsu a gidan kakansa. Yanzu gonakin cikin gari sun zama gidaje, na bayan gari an yanka su fuloti, an cike kududdufai an yi shaguna. Yaro yana fara ganin hatsi ne a kwanon mai awo, ko kuma ya zama gari a wajen mai inji. Ilimin da gida yake bayarwa kyauta ya yanke, kuma in makaranta ba ta ɗauka ba, babu mai ɗauka.

Ba za a iya koya wa yaro tarihin garinsa ba tare da amfanin gona ba. Da auduga aka yi zaren da masaƙa suka saƙa, da ganyen baba da toka aka rina shi a marina irin ta Ƙofar Mata, sannan fatake suka ɗauka daga Kasuwar Kurmi suka tsallaka Sahara da shi. Jan launin da dukawa ke rina fata da shi daga karan dafi yake fitowa, wanda wani nau'in dawa ne. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, amma manoma suka auna riba suka zaɓi gyaɗa, kuma daga nan aka sami dalar gyaɗa a wurare irin su Ƙofar Mazugal, aka sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta naƙasa gyaɗa a 1975, haɗe da komawar hankalin gwamnati kan man fetur, su suka kawo ƙarshen wannan zamani. Yaron da ya ji wannan labari riƙe da ƙwayar gyaɗa a hannu ya koyi tarihi da tattalin arziki a zama ɗaya.

Gishirin darasin yana wajen sanin amfanin kowace shuka, domin Bahaushe ba ya zubar da komai na gona. Ɗauki dawa. Ƙwayarta tuwo ce da kunu, ko kaura ce ko farfara. Dusarta abincin awaki da kaji ce. Karanta shi ne danga da rufin rumfa da makamashin girki, daga jikinsa almajiri ke feƙe alƙalami, yara su ƙera motar kara, tokarsa kuma a tace ta a sami ruwan toka na miya. Gero shi ne fura da koko da kunun kanwa, kuma shi ke fara nuna ya fitar da manomi daga yunwar tsakiyar damina tun dawa ba ta fitar da kai ba. Gyaɗa ta ba da mai da tunkuza da ƙuli-ƙuli da kunu, ta shiga yajin tsire da labun kilishi, harawarta kuma ita ce ke ƙiba ragon layya. Wake ya ba da ƙosai da alale da ɗanwake. Rama ganyenta kwaɗo ne, ɓawonta igiya. Yakuwa ganyenta miya ce, furenta zoɓo, 'ya'yanta daddawa. Auduga bayan zare tana da angurya, wadda ake matse mai daga cikinta a ba shanu saura. Duma shi ne ƙwarya da ludayi da masaki da gora. Alkama ita ce gurasar da birnin nan ya yi suna da ita, da alkaki da funkaso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya kawo shi aji a riƙe a hannu, a shinshina, a ɗanɗana, kuma gani ya kori ji.

Wani zai ce, yaron da ba zai yi noma ba, me zai yi da wannan sani? Amsa ta farko ita ce lafiyarsa. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna saboda ba a busar da su sosai ba suna ɗauke da guba mai lalata hanta da tauye girman yara. Wake kuma wasu masu ajiya suna zuba masa maganin ƙwari mai ƙarfi don gudun ƙwaro, har ta kai Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa. Waken da Turai ta ƙi karɓa irinsa ne ake dafawa a gidajenmu. Yarinyar da ta koyi gane gyaɗa mai ɗaci da baƙin ciki, ta san warin magani a jikin wake, ta kuma ji cewa akwai buhu mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba, za ta kai wannan sani madafin gidansu a ranar da ta koye shi.

Amsa ta biyu ita ce aljihun iyayensa. Babu gidan malami da bai ji a jikinsa ba yadda kwanon masara da na shinkafa suka yi tashin gwauron zabi a shekarun nan. Wanda ya san lokacin shuka da lokacin girbi ya san dalilin da ya sa hatsi ke sauka da kaka ya hau da tsakiyar damina, ya san lokacin saye da lokacin haƙuri. Amsa ta uku ita ce sana'a. Kasuwar Dawanau, wadda ke cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, tana nan kan hanyar Katsina, kuma riɗi da zoɓo da ake tarawa a cikinta har ƙasashen waje suke kaiwa. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Audu Bako, shi ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona da ke fitar da ingantaccen irin dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga. A nan Kano akwai reshen IITA da ke aiki kan wake, da cibiyar nazarin noma a busasshiyar ƙasa a Jami'ar Bayero, da kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 domin gero da danginsa, saboda juriyarsu ga fari. Ɗan birni zai iya zama dillali ko mai sarrafawa ko masanin iri, amma ba zai nufi ƙofar da bai san da ita ba.

Darasin kuma yana ɗauke wa sauran darussa nauyi. Malamin lissafi zai sami misali a zakkar hatsi: dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka sha wahalar ban-ruwa. Malamin kimiyya zai tuge wake ɗaya ya nuna ƙullutun da ke jikin saiwarsa, ya bayyana cewa a nan ne ƙananan halittu ke jawo sinadarin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi daga iska, kuma shi ya sa manoma ke haɗa wake da gero a gona ɗaya tun kafin a rubuta dalilin a littafi. Malamin Hausa zai ceto kalmomin da ke neman ɓacewa daga bakin yaran birni: binne, firi, maimai, huɗa, sussuka, casa, shiƙa, surfe, ƙaiƙayi, sungumi, magirbi. Muna ganin ya kamata yaro ya fara sanin abu da sunan da uwarsa ke kiransa, sannan a ɗora masa na Turanci, domin suna biyu a kan abin da aka gani sun fi zama a ƙwaƙwalwa.

Mun san uzurorin, kuma na gaskiya ne. Makarantun cikin gari ba su da fili, azuzuwa sun cika sun batse, kuɗin gudanarwa ba ya isa ko alli, fita da yara yawon gani kuma yana buƙatar mota da izini da kulawa. Amma tsohon buhun siminti ko fasasshen bokiti da aka cika da ƙasa da taki ya isa a shuka wake da gero da kuɓewa a gindin katanga, kuma wake ba ya kai mako bai tsiro ba. Tsarin zangon karatu ma ya yi mana gata: zango na uku yana haɗuwa da saukar damina, ruwan sama ya kula da shuka a lokacin dogon hutu, zango na ɗaya ya zo daidai da kaka. Kusurwa ɗaya ta aji da aka jera kwalabe ɗauke da irin hatsi da zangarniya da kara da audugar da ba a gurza ba ta wadatar da shekara guda. Yawon gani kuma ba sai an je nesa ba, domin Kurmi da Rimi da marinar Ƙofar Mata duk tafiyar ƙafa ce daga makarantu da dama. Masana ma suna kusa: mai ƙuli-ƙulin unguwa, mai daddawa, mai gurasa, marini, baduku. A gayyaci ɗaya daga cikinsu ya yi rabin sa'a a gaban aji, a karrama shi. Yaran da ke ɗaukar tallar waɗannan kayayyaki bayan an tashi, waɗanda sau da yawa su ne ke zama a baya ba sa ɗaga hannu, ranar nan su ne za su fi kowa sani.

Akwai abubuwa biyu da dole a kiyaye. Na farko, kada fartanya ta zama bulala. A wurare da yawa noma da cire ciyawa su ne horon makararre da mai surutu, kuma yaron da ya fara sanin gona a matsayin hukunci zai girma yana gudunta. Na biyu, abin da yara suka shuka nasu ne: su girbe, su auna, su ci ko su sayar a sa kuɗin a asusun aji a gaban idonsu. Lambunan makaranta da suka yawaita a zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 sun mutu a wurare da dama, kuma duk lambun da yara ke wa wahala wasu na cin amfaninsa haka zai ƙare.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshenmu da su sa wannan batu cikin abin da za su kai wa hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi. Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, buƙatunmu ba su fi ƙarfinta ba: a ware ɗan kuɗin iri da taki da fartanya ga kowace makaranta domin kada ya fito daga albashin malami, a shirya bita tare da malaman gona na KNARDA, a hana yanka ragowar filayen makarantu a mai da su shaguna, a sa aikin hannu cikin makin da ake ba yaro a ƙarshen zango. Muna roƙon kwamitocin iyaye su taimaka da wurin ajiya da mai gadi, iyalanmu kuma, musamman iyaye mata da ilimin sarrafa abinci ke hannunsu, su bar yara maza da mata su tsaya kusa da turmi su yi tambaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk malamin da ke son farawa kafin hukuma ta amsa, ya nemi zangarniyar gero ɗaya da ta dawa ɗaya a kakar bana ya shiga da su aji. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa karatun yaranmu albarka, amin.