ATV na Farko: A Rage Kallon cc, a Tambayi Inda Yake Kifewa

Duk wanda ya taɓa sayen waya saboda an rubuta megafiksel 108 a jikin kwalinta, ya koma gida ya ɗauki hoton dare ya ga ya fito dishi-dishi, ya san yadda babbar lamba ke yaudara. Irin wannan tarkon ne ke jiran mai shirin sayen ATV na farko, wato babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da ake gani a bidiyoyin YouTube da TikTok, mafarautan Amurka na ratsa daji da shi, makiyayan Ostireliya na kora shanu. A nan lambar da ke ɗaukar hankali ita ce cc, girman inji. Bambancin shi ne, wayar da aka yi zaɓen tumun dare a kanta kuɗi kawai take ci. Shi kuwa wannan babur yana iya cin haƙarƙari, har ma da rai.

Mai sayen farko don farauta ko aikin gona ya kamata ya tsaya a matsakaicin inji, tsakanin cc 400 zuwa 570, ya mayar da hankalinsa kan tambaya ɗaya: me ke sa wannan abu ya kife, kuma me zai faru da wanda ke kai idan ya kife?

Abin da tarihi ya nuna

Matsalar kifewa ta girmi yawancin masu kallon bidiyoyin. A 1970 kamfanin Honda ya fito da US90, mai ƙafa uku da manyan tayoyi masu taushi. Ya samu karɓuwa sosai a Amurka, amma yawan haɗurra ya sa a 1988 gwamnatin ƙasar ta cimma yarjejeniya da manyan kamfanoni, suka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku. Kafin nan, a 1982, Suzuki ya riga ya fito da mai ƙafa huɗu, shi ne ya gaji kasuwar.

Ƙarin ƙafa ɗaya ya rage matsalar, bai kashe ta ba. A Ostireliya ATV ya shafe shekaru yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a gonaki, kuma sau da yawa ba gudu ne sanadi ba. Mutum na tafiya a hankali a gefen tudu, taya ɗaya ta hau dutse ko ta faɗa rami, babur mai nauyin kusan kilo 300 ya juye ya danne masa ƙirji, ba kowa kusa.

Wannan ya sa ƙasar ta kafa doka a 2019. Daga Oktoban 2020, dole sabon ATV ya zo da takarda a rataye mai nuna kusurwar da yake kai wa kafin ya fara ɗaga ƙafa. Daga Oktoban 2021 kuma, na aiki sai ya jure karkata ta kusan digiri 29 zuwa gefe da kusan digiri 39 zuwa baya, sannan a ɗaura masa wani ƙarfe a bayan kujera da zai bar wa mutum sarari idan babur ya kife a kansa. Honda da Yamaha da Polaris ba su amince ba, suka janye irin waɗannan babura daga kasuwar ƙasar. Hujjarsu ita ce ba a tabbatar ƙarfen na rage rauni ba, kuma horo da hular kwano sun fi shi amfani.

Kamfanonin suna da gaskiya game da horo da hula. Amma ko an ajiye gardamar ƙarfen gefe, takardar kusurwa babbar nasara ce ga mai saye, domin ta ba shi lambar da ta shafi lafiyarsa kai tsaye. A inda ba a tilasta ta ba, sai mai saye ya yi wa kansa binciken: faɗin babur, tsayin kujera daga ƙasa, da nauyinsa.

Aikin ba ya buƙatar gudu

Mafarauci a daji a hankali yake tafiya, tsakanin itatuwa da kwazazzabai, kuma babban aikin babur shi ne kai shi wurin da fito da naman da ya samu. A jihohin Amurka da yawa ma doka ta hana harbi daga kan abin hawa. Manomi kuma kaya yake ɗauka, yana duba shinge da dabbobi. Babu ɗayansu da ke buƙatar cc 1000. Totur ɗin ATV da babban yatsa ake danna shi, kuma a hannun sabon shiga, ƙaramar girgiza a kan babban inji ta isa ta cilla babur gaba ba shiri.

Masu son babban inji kan ce gara a saya sau ɗaya a huta, kada bayan shekara a ji ƙaramin ya gaza. Wannan magana tana da ma'ana ga wanda zai riƙa jan tirela mai nauyi kullum. Sai dai mai irin wannan aiki ya fi dacewa da ɗaya nau'in, wanda ake zama gefe da gefe kamar ƙaramar mota, irin su Kawasaki Mule da Polaris Ranger, masu sitiyari da bel ɗin kujera da rumfar ƙarfe. Ga sauran mutane, Honda Rancher mai cc 420, ko Yamaha Kodiak 450, ko Polaris Sportsman 570 sun wadatar.

Lambar da ta cancanci a haddace ita ce ta kaya. Kariyar gaban Rancher kilo 30 aka ƙayyade mata, ta baya kilo 60, kuma yana jan kusan kilo 385. Ke nan buhun taki ɗaya mai kilo 50 ya kusa cika ƙa'idar baya. Wanda ya saba ganin an labta wa Boxer buhu uku zai raina wannan, amma duk kayan da aka tula sama suna ɗaga nauyin babur daga ƙasa, su rage kusurwar da zai iya jurewa. Haka ma goyo. Doguwar kujerar ATV an yi ta ne don direba ya riƙa matsawa gaba idan zai hau tudu, ya ja baya idan zai gangara. Fasinja na toshe wannan motsi, shi ya sa masu ƙera shi suke hana goyo a kan mai kujera ɗaya, suke kuma hana yaran da ba su kai shekara 16 ba hawa na manya.

Kwalta ma ba wurinsa ba ce. Iskar tayarsa ba ta wuce kusan psi 5 ba, alhali ta mota kan kai 30 ko fiye, kuma da yawansu tayoyin baya biyu a tare suke juyawa. A kan ƙasa taya na ɗan zamewa a kwana, a kan kwalta kuwa sai ta cije, babur ya nemi tashi.

Idan na hannu ne

Wanda ya iya sayen waya ta hannu ya riga ya san rabin aikin. Kamar yadda ake duba IMEI, haka ake duba lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 a jikin firam, a gwada ta da takardu. Kamar yadda ake duba lafiyar batir, haka ake duba awannin da inji ya yi yana aiki, domin babur ɗin gona na iya tara awanni masu yawa ba tare da ya yi nisa ba. A buɗe akwatin iska, idan akwai busasshen taɓo a ciki, an taɓa nutsar da shi a ruwa. A duba robobin shaf ko sun yage. Ga mai saye a Najeriya ko Nijar akwai ƙarin tambaya, wadda ta fi sauran nauyi: idan bel ɗin giya ya tsinke a tsakiyar damina, wa ke da shi, kuma wane bakanike ya taɓa kwance irinsa? Idan babu amsa, babur mai ƙafa biyu da ake samun kayansa a kowace kasuwa ya fi riba.

Sai maganar waya. A bidiyo ana ganinta a maƙale a kan babur tana nuna taswira. A 2021 Apple ya yi gargaɗin cewa girgizar manyan injinan babur na iya lalata kyamarar iPhone. Dalilin da ya fi wannan ƙarfi shi ne, idan babur ya kife, wayar da ke maƙale a jikinsa tana inda hannu ba zai kai ba. A sauke taswira tun daga gida, a sa wayar cikin aljihu mai zik, a faɗa wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa.

Kuɗin da za a ƙara don hawa daga cc 450 zuwa 1000 ya fi amfani idan aka kashe shi kan hular kwano mai inganci, da takalmi mai rufe idon sawu, da 'yan kwanakin koyon tuƙi a fili kafin a tunkari tudu. Duk dillalin da ya fara da maganar gudu, a tambaye shi kilo nawa kariyar baya ke ɗauka.