Kun sayar da jeren kakanninku a kan sikeli

Bayan sadakar arba'in ta goggona a nan Matamaye, na shiga ɗakinta na tarar bango fayau. Langogi da fanteka da tasoshin da ta jera tun daga ƙasa har kusa da rufi, duk an kwashe. Ƴaƴanta sun kira mai sayen gwangwan, ya ɗora a sikeli, ya biya kuɗin ƙarfe. Abin da suka karɓa bai kai na buhun hatsi ba. Da na yi magana, babbarsu ta ce, "Yaya, tsoffin kwanuka ne fa, wa zai ci abinci a cikinsu?"

A watan nan kuma gidan ya ci bashi don kayan ɗakin jikarta: kabad mai gilas cike da kofuna da farantan da ba za a taɓa sha ko ci a cikinsu ba. Ke nan ba jeren suka ƙi ba. Tsohon suka raina.

Wanda bai san jere ba zai ce ado ne kawai. Jere asusun mace ne. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da saƙa da adashi take sayen kwano ɗaya ɗaya, ta adana don auren ƴarta. In shekara ta yi tsanani, ta cire biyu ta sayar ba tare da ta roƙi miji ba. Goggona tana iya nuna maka langar da ta saya shekarar da aka yi gyaɗa, da gurbin wadda ta fita a yunwar 1984. Wace takarda muke da ita a gidan da ta riƙe wannan labari? Babu.

Na san abin da wasu za su ce: ai kwanukan ma ba namu ba ne, kayan fatake ne. Gaskiya ne. Da fari daga Turai da Hong Kong ake kawo su, daga baya masana'antun Najeriya suka riƙa ƙera su, suna shigo mana ta Kano da Daura. Kafin su ƙwarya da akushi ake jerawa. To sai me? Shayi ma ba a gonarmu ya tsiro ba. Abin da mata suka yi da kwanon, yadda suka tsara shi, suka ba kowane zane suna, suka mai da shi ma'aunin ƙoƙarin uwa, wannan namu ne.

Ku duba waɗanda muke kwaikwayo. A Amurka akwai mutanen da ke bin gwanjo suna neman tsoffin kwanukan gilas na Pyrex, wanda aka fara sayarwa a 1915. Sun san kowane zane da shekarunsa, suna biyan kuɗi masu yawa don kwanon da kakarsu ta dama fulawa a ciki. A Faransa kofin Duralex, wanda yara suka sha ruwa da shi a kantin lakwal shekara da shekaru, da kamfanin ya kusa durƙushewa a 2024 ma'aikatansa ne suka karɓe shi, jama'a suka yi ta saye don kada ya mutu. Kofin shan ruwa fa! Ban ce mu tara kwano don Bature ya saya ba. Wannan ma wata hanyar asara ce.

Malamai, laifinmu ya fi na iyaye. Muna koya wa yara sarakunan Damagaram, muna ba su labarin gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda yawancinsu ba za su taɓa zuwa ba, alhali kayan tarihi na nan a ɗakin kakarsu. Ba a bukatar ko dala: a ce kowane yaro ya je ya zaɓi kwano ɗaya, ya tambayi mai shi ina ta samo shi, da me ta biya, wace shekara, ya zana shi a littafi ya rubuta amsar. Ga tarihi, ga rubutu, ga lissafi. Na gwada a ajina. Wata yarinya ta dawo da labarin tasar da ta yi aure uku, daga kaka zuwa uwa zuwa ƴa.

Iyaye kuma, in za a raba gado, ku ware ko da langa biyu kafin a kira mai sikeli, ku rubuta sunan mai ita a takarda ku saka ciki. Ni daga ɗakin goggona murfi ɗaya na tsinta a bayan randa, shuɗi mai jan fure, baki ya ɗan ɓare. Uwar kwanon ta tafi.