Ciwon sukari: a fara darasin tun daga lakkwal

Har yanzu a ƙauyukan gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji mutane da yawa suna ɗaukar ciwon sukari a matsayin ciwon alhazan birni. Wannan zato ya kamata a kau da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu wannan ciwo sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma ya fi saurin yaɗuwa a ƙasashe marasa ƙarfi da masu tasowa. A 2025 ma, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da wani nau'i da ke kama matasa ramammu waɗanda tamowa ta taɓa tun suna ƙanana. Jihar Maraɗi, wadda ta ga yunwar 2005, ba za ta ce maganar ba ta shafe ta ba.

Ra'ayinmu shi ne a shigar da wannan darasi cikin aji. Abu na farko da za a koya wa yaro shi ne alamomi: ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari dare da rana, rama alhali ana ci, kasala, da tururuwa da ke taruwa inda aka yi fitsari. Yaron da ya daina fitsarin kwance sannan ya koma yi, kada a yi masa bulala, a kai shi gidan likita a auna jininsa da ɗigo ɗaya daga yatsa. Nau'in da ya fi kama yara ba shan alewa ke kawo shi ba, ba kuma sammu ba ne. Jiki ne ke daina yin insulin, sinadarin da ke sa sukari ya bar jini ya zama ƙarfi. Ba shi da rigakafi, amma yana da magani: tun 1922 aka ceci wani yaro da allurar insulin a Toronto ta ƙasar Kanada. Idan aka tsaya jiƙe-jiƙe, cikin ƴan makonni yaro na iya suma, har a rasa shi.

Nau'i na biyu, wanda ya fi yawa, yakan bayyana ne bayan an girma, amma tun ƙuruciya ake shuka shi. A dubi abin da ake sayarwa a ƙofar lakkwal: alewa, biskit, da ruwan zaƙi na leda. A dubi furar da ake cika wa sukari, da shayin fada wanda ƙanne ke koya daga yayyensu. Alhali gero, wake, zogale da ayar Cadawa suna nan a gonakinmu da kasuwanninmu, sai dai yaro ya fara ganin abin leda ya fi su daraja. Masana sun ce yaro ya motsa jiki aƙalla minti 60 kowace rana. Langa da ƙwallo sun isa, ba sai an kashe ko dala ba.

Saboda haka muna kira ga sufetocin makarantu da shugabannin cibiyoyin lafiya na gundumomin nan uku su haɗa kai, ma'aikacin lafiya ya shiga kowane aji da Hausa kafin 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya. Waɗanda suka gama yaƙi da jahilci kuwa, su karanta wa ƙungiyoyin iyayen yara waɗannan alamomi, hukumomi kuma su tabbata abin awon jini bai yanke a cibiyoyin karkara ba.