Giyar Leda Da Samarinmu Na Zango

Na ji dattawanmu na maganar kafa kwamitin yaƙi da shaye-shaye, to ni ma ga nawa tsokacin.

Tsorona shi ne a ƙare da gayyato malami ya yi wa'azi bayan Isha'i, a raba ruwa, a watse. Wa'azi alheri ne, amma jama'a mu gaya wa kanmu gaskiya: yaron da ake nema ba ya masallaci a lokacin. Yana Mile 12 yana sauke buhunan albasa, ko yana tura baro a Sasa ta Ibadan, ko yana kwance gindin tirela.

Kuma yawancinsu ba su ma yarda giya suke sha ba. Ka tambayi ɗan dako, sai ya ce ai paraga magani ne na ciwon baya da basir. Mai tallar a bakin tasha ma haka take cewa. Alhali saiwoyi ne aka jiƙa cikin barasa mai ƙarfi. Ta leda kuwa ko kwalba ba ta da shi, sai a jefa ta aljihu kamar alewa. A nan kuma babu Hisba, babu kawun da zai hango ka.

Kada mu jira gwamnati. Tun 2018 aka ba kamfanoni wa'adin shekara 5 su daina ƙulla giya a leda da ƙananan kwalabe, NAFDAC ta soma aiwatarwa a Fabrairun 2024, sai kamfanoni da ma'aikatansu suka yi caa, aka shiga ja-in-ja.

A ganina masu masauki su ne ya kamata su zama ƙashin bayan kwamitin nan. Mahaifina ɗan kasuwa ne, na san yadda abin yake: maigida ya san wanda ya kwana a shagonsa, ya san wanda ya tashi ido jajir. A haɗa su da shugabannin 'yan dako da na direbobi, Sarkin Hausawa ya jagoranta. A nemo ma'aikacin lafiya mai jin Hausa ya yi musu bayanin abin da barasa ke yi wa hanta, a duba ciwon bayan nan da gaske, don dako ne ke kawo shi.

Wanda aka kama kuma, don Allah a daina saka shi motar Arewa a ce an huta. Gobe wani ƙaninsa zai sauko daga tirelar shanu, ya tarar da mai paraga tana nan inda take.